Amon Kango

"A'a, Baba Ɗanjuma, ba shi ba ne. Wannan ai kamar mutum ne ya faɗa rijiya da jitarsa."

"Na farko ka ce banɗakin tasha, na biyu ka ce cocin da aka tashi, yanzu kuma rijiya." Baba Ɗanjuma ya sunkuya da ƙyar, ya zare waya daga jikin ɗan akwatin ƙarfen da ke ƙasa. "Ango, ni fa kayan kiɗa nake sayarwa. In ɗaki kake nema, ga dillalai can bakin titi."

Sagir ya yi yaƙe. Tun da aka idar da azahar yake zaune a kan bencin shagon nan na Kurmin Mashi, jitarsa ta lantarki a kan cinya, feda huɗu a jere a gabansa kamar takalman baƙi a ƙofar zaure. Kowacce ba ta fi gwangwanin kifi girma ba. Tsakanin jita da sifika ake saka ta, in aka taka da ƙafa sai kiɗan ya fito kamar a wani wuri dabam aka yi shi: a soro, ko a kogo, ko a ƙaton ɗakin taro. Masu sana'ar suna kiran wannan amo ribab. Da Sagir ya shigo cewa ya yi eko yake nema, sai da ya sha gyara tun daga bakin ƙofa.

"Eko dabam, ribab dabam," in ji tsohon. "Eko shi ne ka yi magana a kwaikwaye ka, irin na marasa kunya. Ribab kuwa ka yi magana ɗaki ya riƙe ta a baki, ya ɗan tsotsa, sannan ya sake ta."

Ya san abin da yake faɗa. Shekara ashirin ya yi yana kaɗa jita a otal-otal da bukukuwan bariki, kafin sanyin ƙashi ya kama masa yatsu ya dawo sayar wa mawaƙan coci kaya.

To, ɗakin da Sagir yake nema akwai shi, ko kuwa a ce an yi shi a da.

Gida ne mahaifinsa ya fara ginawa a Hayin Banki. An yi rufi, an yi filasta, sai Allah ya yi masa rasuwa, gini ya tsaya cak: ba ƙofa, ba gilashin taga, ba wuta. Shi kuwa Sagir, malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a Kawo, wanda wata rana ya ga makaɗan Agadas a waya, rawani a ka jita a ƙirji, zuciyarsa ta bi su ba ta dawo ba. Ya sayi jita ta hannu. Innarsa ta saurara na kwana biyu, a na uku ta ce ba dai a gidanta ba. Shi ne ya kwashi kayansa ya koma kangon, kullum bayan la'asar.

Maƙwabciyar kangon, wata mai kirki da ake kira Rashida, ta yarda ya ja wuta daga kicin ɗinta. Wayar gajera ce, iyakarta taga. Saboda haka a kan tagar 'yar sifikar take zama, shi kuma ya koma tsakiyar falo ya hau kan bulo.

Allah mai iko! Sai ya taɓa tsirkiya ɗaya, falon nan ya karɓe ta, ya ɗaga ta har rufi, ya zaga da ita kusurwa huɗu, ya dawo masa da ita ta yi ƙiba ta yi sheƙi kamar 'yar da ta je hutu gidan kaka. Kafin ta mutu ta biyu ta hau bayanta, ta uku ta rungume su duka. Sagir yakan lumshe ido ya ga kansa a kan tudun rairayi, raƙuma sun daina tuƙa suna saurare. A ransa ya gama yanke hukunci cewa baiwa ce Allah ya ɓoye a cikin malamin lissafi, duniya ce kawai ba ta farga ba.

Duniyar ta farga ranar wata Laraba. Yana cikin kiɗa sai ya ji murya daga bayan taga, siririya, da dariya a ƙarƙashinta.

"Mai jita, a sake na ɗazu mana."

Shamsiyya ce, ƙanwar Rashida, ta zo daga Unguwar Dosa taya yayarta zaman jego. Ashe kullum a gindin tagar take wankin kayan jariri. Kwana arba'in aka ce za ta yi, ta yi hamsin da biyu, Rashida ta rasa dalili. Kiɗan da ta ce a sake kuwa ya zama nata. Shekara biyu Sagir yana rubuta mata saƙonni a kansa, yana cewa amon nan shi ne manzon da ya tsallaka katanga ya isar da abin da bakinsa ya kasa. Ita kan amsa da 'yar fuskar dariya. Ya ɗauka kunya ce.

Da aka sa rana, shauƙi ya ɗebe shi ya yi alkawarin da bai shawarci kowa ba: ranar liyafa, a gaban dangi duka, shi da kansa zai kaɗa mata kiɗan taga. Kafin ya yi tunani na biyu har an buga a jikin kati. Ango zai kaɗa wa amarya jita, Asabar da la'asar, a wani lambu a Malali.

Aka kuma ƙarasa kangon, don a nan amarya za ta tare. Nan ne Sagir ya yi kuskuren da har yau kunnensa ke zafi in ya tuna. Ranar da Gwaggo Ramatu, ƙanwar mahaifin Shamsiyya, ta zo awon ɗakuna saboda jere, ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, sannan ya roƙi alfarma.

"Gwaggo, da ma cewa na yi ko za a bar falon haka."

"Haka yaya?"

"Ba komai a ciki. Ko dai a rage labule da kafet. Saboda sauti."

Gwaggo Ramatu ta sauke gilashinta zuwa kan hanci, ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Wato a zo ganin ɗaki a tarar da siminti. A koma Unguwar Dosa a ce 'yar Alhaji Idris an kai ta kango, danginta sun kasa cika falo ɗaya. Kai yaro, aure za ka yi ko gidan rediyo za ka buɗe?"

Bakin alƙalami dai ya riga ya bushe. Ranar Talata mata suka zo jere da gayya. Falon da aka so a bari fayau, shi suka fi yi wa aiki. Kafet mai laushi bango zuwa bango, aka ɗora wani ƙarami a kansa. Labule ninki biyu, har bangon da ba shi da taga sai da aka rataya masa. Kujeru irin masu haɗiye mutum, da matasai goma sha huɗu, Gwaggo da hannunta ta jera su.

Jiya Laraba, da mata suka kulle gida suka watse, Sagir ya lallaɓa da makullinsa na ajiya don ya yi bitar ƙarshe. Ya zauna, ya taɓa tsirkiya. Ta ce tin, ta mutu a nan take, kamar an jefa tsakuwa a buhun auduga. Ya ci gaba. A karon farko a rayuwarsa ya ji abin da yatsunsa suke yi. Ya ji tsirkiya tana zuza in bai danne ta sosai ba. Ya ji yana gudu a inda ya kamata ya yi tafiya. Sannan a tsakiyar kiɗan, inda ɗan ƙaramin yatsa zai miƙa ya kamo wata murya can ƙasan wuyan jita, ya ji yatsan ya sauka a gidan maƙwabta. Ya sake. Ya kuma sauka a can. Ashe shekara uku ɗaki ne yake masa kara, yana lulluɓe kowane tuntuɓe da mayafi kafin ya iso kunnensa. Ashe kangon ne gwani, shi ɗan rakiya ne.

Ga shi lambun Malali ba shi da bango ko ɗaya. Sarari ba ya rufa wa kowa asiri. Jibi war haka Shamsiyya za ta ji gaskiyar mutumin da ta zaɓa saboda kiɗansa.

Wannan duk bai faɗa wa Baba Ɗanjuma ba. Cewa ya yi kawai yana neman amon da amarya ta fara ji.

"To gwada wannan," in ji tsohon, yana jona ta biyar, wata shuɗiya mai maɓallan murɗawa uku. "Wannan na tsawon jela ne, wato daɗewar amo kafin ya mutu. Wannan na yawansa. Wannan na kaifi. Ga ɗan makunni nan kuma, in ka tura shi sama ɗaki, tsakiya zaure, ƙasa kogo. Amma kafin ka taka, kaɗa min a bushe tukuna in ji hannunka."

"A bushe?"

"Ba feda. Kai da jita da Allahnka."

Sagir ya duƙufa yana gyaran wata tsirkiya da ba abin da ya same ta. "Ai lokaci ne babu, Baba. Gobe ɗaurin aure."

Ya taka da sauri. Kiɗa ya tashi ya cika shago, ya bi ta kan ganguna da ke rataye, har wani ɗan acaɓa ya rage gudu a waje. Da daɗi, babu laifi. Amma ba falonsa ba ne. Wannan amon santsi gare shi kamar tayil ɗin banki, nasa kuwa yana da ɗan ƙaiƙayin siminti, da wata 'yar rawa da kwanon rufi yake ƙara masa.

"Ya yi kusa," ya ce. "Sai dai ya cika wanka."

Baba Ɗanjuma ya zauna a kan wata sifika, ya goge wuya da hankici. "Bari in gaya maka, ango. Masu sayen abin nan iri biyu ne. Akwai mai neman ɗaki, akwai mai neman maɓoya. Ni duka ina sayar musu, ban taɓa tambayar kowa ba." Sagir ya ƙura wa ƙasa ido. "Amma da kwatancen baki ba za mu gama yau ba. Ba wanda ya taɓa ɗaukar kiɗan nan a waya? In na ji sau ɗaya zan murɗa maka shi daidai."

Sagir ya ɗago kai. Akwai! Shamsiyya ta taɓa ce masa ta naɗa tun ranar farko, har yanzu tana saurare in ta yi kewarsa. Bai taɓa neman ji ba, don yana ganin mai rijiya ba ya roƙon ruwa. Ya aika mata saƙo. Ba a yi minti biyu ba ta turo, da 'yar fuskar dariyar nan tata a ƙasa.

Baba Ɗanjuma ya jona wayar da babbar sifika. Sagir ya gyara zama, ya lumshe ido, yana jiran falonsa ya dawo.

Aka fara jin ruwa yana zuba a bokiti. Jariri ya yi ɗan kuka ya yi shiru. Sai jita: tin, tin, zzz, tin. Busasshiya ƙamas, kusa da kunne, kowace zuza a fili kamar ƙuda a faranti. Kiɗan ya yi gudu, ya yi ɗingishi, ya iso tsakiya, ɗan yatsa ya sauka a gidan maƙwabta. Daga nesa wata murya ta ce, "Kash!" Aka koma farko. Aka iso wurin. Aka sake faɗuwa. Kusa da wayar, wata yarinya ta toshe baki tana dariya.

Sagir ya buɗe ido. "Wayarta ce ba ta da kyau."

"Wayar lafiyarta ƙalau. A ina kake ajiye sifikar?"

"A kan taga."

"Ita kuma tana ina?"

"A gindin tagar. Ta waje."

Baba Ɗanjuma ya tafa hannu, ya kwashe da dariya har da tari. "Wayyo ni Ɗanjuma! Ai ƙananan sifikun nan bayansu a buɗe yake, gaba da baya suke magana. Kai kana ciki ɗaki yana dafa maka, ita tana waje a bakin tukunya tana cin ɗanye. Yarinyar nan amonka bai taɓa zuwa kunnenta ba sai ɓurɓushi!"

Sagir ya dubi wayar. Shekara biyu na saƙonni suka bi ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Manzon da ya tsallaka katanga! Ashe manzon ko takalmi bai saka ba, yana cikin falo suna hira da shi.

Wayar ta yi ƙara. Da yake tana jone, muryar Shamsiyya ta fito ta babbar sifika, shago duka ya ɗauka.

"Malam Sagir, ka ji gwaninta? Yi magana da ƙarfi, hannuna duk lalle ne, Anti Rashida ce ta riƙe min wayar."

"Shamsiyya." Sagir ya matso kusa da wayar. "Abin da kike ji ke nan? Kullum?"

"Eh mana. Me ya faru?"

"Amon fa?"

"Wane amo?"

Baba Ɗanjuma ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Wanda nake ta rubuto miki. Wanda ya tsallaka katanga."

"Au, wai da gaske kake? Na ɗauka irin maganganunku ne na masu karance-karance." Aka ji dariyar Rashida a gefe. "Ni dai abin da na sani, akwai wani wuri a tsakiya da kake faɗuwa. Shi nake jira kullum, har wankin nake tsayarwa. Wata rana na ƙirga, sau goma sha ɗaya ka faɗi a wuri ɗaya, sau goma sha ɗaya ka koma farko. Na ce wa Anti, kin ga mutumin da bai iya ba kuma bai daina ba, irinsa ake aure."

"Bai iya ba," Sagir ya maimaita a hankali.

"To da ka iya ne? Haba Malam. Ai da ka iya da ban kula ka ba, gwanaye sun cika waya." Ta sassauta murya. "Don Allah kar ka gyara wurin nan ranar Asabar. In ka wuce shi lafiya ba zan gane kiɗana ba."

Kunya ta kama Sagir, haɗe da wani abin da ya fi duk saƙonninsa daɗi. Ya buɗe baki zai faɗi magana mai nauyi, irin wadda jikoki za su riƙa maimaitawa, sai ta riga shi.

"Yawwa, na manta. Gwaggo Ramatu ta ce a ajiye mata layin gaba gaba ɗaya, ita da matan ƙungiyarsu ta adashi, su ashirin da uku. Ta ce tana so ta ji da kunnenta abin da aka so a bar falo fayau dominsa. Har ta sa a kawo mai ɗaukar bidiyo na biyu. Sai anjima, mai lalle tana harara ta."

Layin ya katse.

Baba Ɗanjuma ya share hawayen dariya, ya tashi ya fara naɗe wayoyi. Fuskarsa ta koma ta dattijon da darasi ya zo masa har gida. Ya ɗauki feda ta farko ya mayar kwalinta, ya ɗauki ta biyu.

"Ka ga ikon Allah, ɗana," ya ce. "Na yi asarar ciniki, amma ban yi baƙin ciki ba. Shekara ashirin ina kiɗa, ban samu wadda ta so kuskurena ba. Uwar 'ya'yana har gobe cewa take hayaniya nake yi. Kai ka samu wadda ta ji ka a bushe ta ce ta gani tana so. Me za ka yi da maɓoya? Tashi ka tafi da jitarka yadda Allah ya yi ka. Gaskiya ai ba ta buƙatar ado."

Sagir yana gyaɗa kai, idonsa ya yi rau-rau. Maganar ta shige shi ƙwarai. Sai dai a daidai lokacin ya hango layin gaba: gilashi a kan hanci, ɗauri ashirin da uku a jere, mai bidiyo na biyu ya durƙusa yana auna ɗan ƙaramin yatsansa. Ya hango bidiyon yana yawo a wayoyin Unguwar Dosa har ranar sunan ɗansu na fari.

Tsohon ya miƙa hannu zai ɗauki shuɗiyar. Sagir ya ɗora ƙafa a kanta.

"Baba, wannan in aka tura makunnin ƙasa, aka murɗa jelar har ƙarshe, tuntuɓe yana fitowa?"

"Ko jitar ka yar a ƙasa, cewa za a yi salo ne. Sai wanda ya riga ya san wurin ne zai gane."

"Madalla. Mutum ɗaya ce ta san wurin." Sagir ya miƙe, ya rataya jitarsa a kafaɗa. "Shamsiyya ta ji gaskiya ta ce tana so, kuma zan faɗi a inda take jira, ba fashi. Amma Gwaggo Ramatu ba da ita aka yi zaman gindin taga ba. Naɗe min shuɗiyar nan, Baba, ka bar ta a kan kogo!"